Batirin hedfon ɗina ya kumbura, ya zan yi in canza shi?

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu gyaran waya ku taimaka min. Ina da hedfon na Bluetooth irin mai rataya a wuya ɗin nan, da shi nake amsa kiran kwastomomi in ina bisa mashin, don kabu-kabu nake yi nan cikin Sakkwato. Da can caji ɗaya yana kai ni la'asar, yanzu ko minti 20 bai yi sai ya mutu, kuma ina zargin zafin watan Afrilu ne don na sha barin shi kan tankin mashin cikin rana.

Jiya na sa wuƙa na ɓanɓare murfin a hankali, sai na iske batirin ya kumbura kamar ƙosai, an rubuta 3.7V da 501230 a jikinshi. Na shiga Babbar Kasuwa na samo mai 3.7V ɗin, amma ga inda na maƙale: nawa waya uku gare shi, ja da baƙa da fara, sabon kuwa biyu kawai. Wani ya ce farar ta auna zafi ce, in babu ita caji na iya ƙin shiga. To in na liƙa ja da baƙa da dalma na bar gurbin farar, zai yi aiki ko zai ƙone min bod, wato allon kayan lantarkin da ke cikin hedfon ɗin? Kuma sabon ya ɗan fi kauri, murfin bai rufuwa sosai, ina tsoron matse shi ya kama wuta a wuyana.

Tsohon kuma ina zan kai shi? Akwai yara a gida, na dai sa shi cikin gwangwani da yashi.