Fita cin abinci da baƙi a Abuja: yaya ake gane barasa da naman alade a menu?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka san gidajen abinci na Abuja ku taimaka. Za mu fita da baƙi cin abincin dare ranar Asabar, mu takwas, har da dattawa biyu. Wuraren da ake ta nuna mana a Wuse 2 da Maitama kusan duk akwai kantar barasa a ciki, rabin menu kuma sunayen Turawa ne. Me za mu sha wanda babu kokwanto a kansa? Wane abinci ake sa wa giya ko alade ba tare da an rubuta ba? An kuma ce kuɗin da ke jikin menu ba shi ake biya ba, yaya lissafin yake?

Ɗan Wuse:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da Chapman, don shi kowa ke kira da zarar ya zauna, yana ganin lemo ne kawai.

A babban kofi mai hannu ake haɗa shi: ƙanƙara, rabin kwalbar Fanta, rabin kwalbar Sprite, cokali biyu na grenadine, wato jan ruwan sukarin da ke ba shi launi, yankan kokwamba da lemun tsami. Duk wannan ba matsala. Abin da ake ƙarawa daga ƙarshe shi ne ɗigo uku zuwa biyar na Angostura bitters. 'Yar ƙaramar kwalba ce mai rawayan murfi, farar takardarta ta fi kwalbar tsawo, a Trinidad ake yin ta. A jikinta an rubuta barasa kashi 44.7 cikin ɗari, ta fi yawancin vodka ƙarfi, wadda ke tsayawa a kashi 40. Ɗigon ba ya sa maye, kuma hukuncinsa na malamai ne, amma ya kamata mutum ya san abin da ke cikin kofinsa. Wasu mashaya ma suna ƙara Campari don ɗaci, wannan kuwa barasa ce tsagwaronta. Ki ce a yi muku Chapman ba bitters ba Campari, a ƙara lemun tsami don kada zaƙi ya yi yawa.

A menu ki nemi sashen da aka rubuta mocktail, ko sunan da aka sa wa virgin a gaba, wato haɗin da ba barasa a ciki. Virgin mojito na'a-na'a ce da lemun tsami da sukari da ruwan soda. Inda ake samun kuskure shi ne mai barasa da marar barasa kamarsu ɗaya, kofi ɗaya, ganye ɗaya. Daren Asabar mai haɗawa na iya jera goma a kanta, mai kawowa ya ɗauki wanda ba naku ba. Don haka a shinshina kafin a kurɓa, warin barasar rum ba ya ɓuya. Sannan gwangwanin da ake girgiza haɗin a ciki ɗaya ne, tsakanin oda da oda ɗauraya kawai ake yi, wani lokacin ko ita ba a yi. Idan dattawan masu tsantseni ne, a kawo musu lemun kwalba ko Maltina a rufe, a buɗe a gabansu, ko a matse musu kankana ko abarba zalla.

Sunaye masu ruɗi: Long Island Iced Tea babu shayi a ciki ko kaɗan, barasa iri biyar ce da Coke. Irish coffee akwai wiski. Piña colada akwai rum. Smirnoff Ice da Orijin na kwalba duk giya ne, duk da zaƙinsu.

Tsohon Kuku:
Ɗan Wuse ya gama da kantar barasa, ni zan shiga kicin, don a nan ne abin ya fi ɓoyuwa. 'Yar'uwa, kada ki tambayi mai kawo abinci "halal ne?" Zai ce e, da zuciya ɗaya, domin a ganinsa tunda naman sa ne shi ke nan. Ki ambaci abin da sunansa, ki ce ya shiga ya tambayi kuku ya dawo.

A abincin Italiya, carbonara asalinta da naman alade ake yi. Duk inda kika ga bacon, ham, pepperoni, salami, prosciutto, pancetta ko chorizo, ki ɗauka alade ne har sai an ce miki na sa ne ko na talotalo. Gidaje da yawa a Abuja na sa suke sayowa saboda masu zuwa, amma ba duka ba. Risotto da taliyar da ake yi da jatan lande galibi ana zuba musu farar giya bayan an soya albasa. Bolognese kuma jar giya. Ana cewa wuta na ƙone ta, gaskiya ba duka take tafiya ba, musamman a miyar da ba ta wuce minti goma a kasko ba. Tunda ana girka irin wannan taliya ne bayan an yi oda, kuku na iya maye gurbin giyar da romon kaza da matsin lemun tsami. Bolognese ce ba za a iya cire mata ba, tun safe ake dafa ta a babbar tukunya.

A na Sin da Japan, akwai giyar girki da ake jiƙa nama a ciki, teriyaki kuma da mirin, wata giyar shinkafa, ake yi. Soyayyar shinkafar da aka rubuta wa special sau da yawa akwai 'yan gutsattsarin ham. Kifin da aka rubuta beer-battered, da giya aka dama fulawarsa. A kayan zaƙi ki kula da tiramisu, Black Forest da kek mai busassun 'ya'yan itace, ana yawan jiƙa su da barasa.

Abin da mutane ba sa tambaya shi ne ƙarfen gashi da man suya. Idan akwai haƙarƙarin alade a menu, to ki tambaya ko a kan ƙarfe ɗaya ake gasa shi da kaza. Idan gidan ba ya sayar da alade sam, rabin damuwarki ta kau, kuma wannan ana ganewa tun daga gida idan kika sa aka turo miki menu ta WhatsApp.

Ga dattawa, ni ban ga amfanin yi musu odar steak ba. Idan aka kawo shi da ja a ciki ba za su ci ba, ko da yake jan ruwan ba jini ba ne, ruwan tsoka ne. Idan kuma aka ce a gasa ya nuna sosai, sai ya bushe ya yi tauri. Gasasshiyar kaza irin ta Lebanon, kafta, gasasshen kifi da shinkafa sun fi dacewa. Tarwadar da ake zaɓa da rai a yanka, farfesunta na ɗaukar minti 40 zuwa awa ɗaya, don haka a fara yin odarta kafin komai.

Maman Sadiq:
Kan lissafi. VAT kashi 7.5 ne, tun 1 ga Fabrairun 2020 aka ɗaga shi daga kashi 5. Bayan shi gidaje da dama na ɗora kuɗin hidima, kashi 5 zuwa 10. Mu ce abincinku ya kama naira 100,000 a menu: VAT 7,500, hidima 10,000, jimilla 117,500. Idan na'urarsu ta fara ɗora hidimar sannan ta lissafa VAT a kai, ya zama 118,250. Ki duba ƙasan menu, da ƙananan haruffa ake rubuta ko farashin ya haɗa da waɗannan. Ware kashi 20 a kan abin da kika ƙiyasta, ba za ki ji kunya gaban baƙi ba.

Abin da ke kumbura bil ba babban abincin ba ne. Ruwan kwalba ne da ake ta buɗewa ba a tambaya ba, da shinkafa ko dankalin da kika zaci suna tare da naman alhali kowanne da kuɗinsa. Mutum takwas, faranti uku na kayan buɗe baki a tsakiya sun isa, ba sai kowa da nasa ba. Idan za ku zo da kek daga waje, wasu na cajin kuɗin yanka.

Ban yarda da ƙarfe takwas da mutane suka saba ba. Wurare da yawa a Aminu Kano Crescent da Adetokunbo Ademola daga tara zuwa goma suke juyewa, a ƙure kiɗa, a fito da shisha, dattijo ba zai ji daɗin zama ba. Ku yi Magariba ku isa wajen bakwai, ku tashi kafin tara. Ki buga waya tun Alhamis a ajiye tebur nesa da kantar barasa da lasifika, ki tambaya ko akwai keɓantaccen ɗaki da ko yana da mafi ƙarancin kuɗin da sai an kashe.

Ummu Hanan:
Allah ya saka da alheri. Wani ya ce mu je kifin Barikin Abacha kawai mu huta, ko kuma bufe na otal. Me kuka gani?

Tsohon Kuku:
Kifin barikin yana da kyau, a gabanki ake gasa shi, ke za ki zaɓa ki yi ciniki kafin a ɗora. Amma wurin zaman cike yake da masu shan giya, ga hayaƙi, bai dace da dattawa ba, sai dai a sayo a kai gida. Bufe kuwa a je shi farkon buɗewa. Abinci mai zafi ya kamata ya zauna sama da digiri 60. Idan kika buɗe murfi ba tururi, ki wuce. Soyayyar shinkafa da coleslaw da suka haura awa biyu a waje su ne kan gaba wajen ɓata ciki. Idan kuma POS ta ce kuɗi bai fita ba, a karɓi takardar da ta fitar a duba asusu kafin a sake saka kati.