Yarona ya tambaye ni ko Abacha mutumin kirki ne

Ɗan Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar muna cikin adaidaita sahu ni da yarona ɗan shekara 12, mun zo daidai filin wasa na Sani Abacha, sai ya ce, "Baba, wai mutumin kirki ne? An ce ɓarawo ne." Kafin in buɗe baki direban ya waiwayo ya ce, "Yaro, ba a yi shugaba irinsa ba." Ni kuwa wallahi na rasa ta cewa.

A 1996 ina aji uku a sakandare, a kan bencin da aka rubuta PTF a jikinsa nake zama, wato asusun rarar kuɗin man fetur da Abacha ya kafa. Da mahaifiyata ta kwanta asibiti, maganin PTF aka ba ta. Wannan ba labari aka ba ni ba. Amma ban manta daren da mahaifina ya kashe rediyo ya yi shiru ba, ranar da aka ce Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki, a Disambar 1997. Don Allah me zan gaya wa yaron nan?

Dattijon Fagge:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ce masa lokacin Janar litar mai naira 11 ce. Shi ya ba mu Zamfara da Gombe da Nasarawa. Buharin da muka yi wa ruwan ƙuri'u a Kano, da aikin PTF aka fi tallata mana shi, to wa ya naɗa shi? Bawan Allah yana kwance a garin nan tun 1998, a yi masa addu'a.

Malamar Gwale:
Baba, a gafarce ni. Naira 11 ɗin gaskiya ne, amma yayana sai da ya kwana biyu a layin gidan mai kafin ya samu. A 2020 an dawo wa Najeriya da dala miliyan 311 daga kuɗin da aka gano a waje, aka ce har hanyar Abuja zuwa Kano za a yi da su. Daga ina suka fito? Ken Saro-Wiwa da mutum takwas da aka rataye a 1995 su ma suna da 'ya'ya. A 1996 aka tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi. Abin da ke damuna, 'yan siyasa sun gane muna kewar wancan zamani, sai su riƙa cewa ƙasar nan sai mai sanda, mu kuma mu tafa. Ɗalibaina da ba a haife su ba a lokacin su suka fi kowa faɗar haka.

Ɗan Ƙofar Mata:
Na gode Baba, na gode Malama. Da daddare na zaunar da shi, na ba shi labarin bencin, na ba shi na rediyon kakansa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "To kuɗin bencin, nasa ne ko namu?" Na ce namu ne, daga ƙarin kuɗin mai aka tara su.