Wace kalma za mu sa wa "expenditure"?

Mai Fassara: Jama'a, ina fassara rahoton kasafin kuɗi da za a karanta a labaran ƙarfe shida. "Expenditure" ta cika shafin. Kalma ɗaya nake nema, ba jimla ba.

Akanta: Ɗaya ba za ta yi ba, Malam, don jimlarmu sai ta nuna lokaci. In kasafi ne, kuɗin da za a kashe. In rahoton ƙarshen shekara ne, kuɗin da aka kashe. "Capital" kuɗin manyan ayyuka, "recurrent" kuɗin ayyukan yau da kullum, wato albashi da makamantansa. Kuma a kula da matakai uku: warewa, saki, kashewa. Ana iya ware 100, a saki 60, a kashe 45. Ka haɗe su, ka ba da labarin ƙarya.

Ɗan Nahawu: Ai muna da kuɗin shiga. To kishiyarsa kuɗin fita. Shi ke nan.

Akanta: Da gyara. Kamfani ya sayi inji bashi, an rubuta "expenditure" ranar, alhali ko sisi bai fita ba tukuna. Kuɗin fita ya fi dacewa da biya.

Malama Edita: Don Allah kada wanda ya ce kashe-kashe, mai sauraro zai zaci an yi ta'asa. Ɓatarwa kuma tana da warin almubazzaranci.

Ɗan Nahawu: Larabawa na da nafaƙat, Sawahili na da matumizi. Mu kaɗai ne za mu yi ta jan kalma huɗu? Abin kunya ne. Kuɗin fita, in an yi ta faɗa, kunne zai saba.

Alaramma: A bar nafaƙa inda take. A wurinmu haƙƙin ciyar da iyali ce, fiƙihu ya riga ya riƙe ta.

Malama Edita: Kunyar me? Turancin ma "expense" daban take. Injin da zai yi shekara 10, kuɗinsa duka "expenditure" ne a shekarar saye, amma kashi ɗaya bisa goma ake cirewa duk shekara a matsayin "expense". Su ma Turawan, ɗalibansu suna rikicewa.

Ɗan Nahawu: To ko a kan jadawali a bar mini "kuɗin fita", gurbin ƙarami ne.

Akanta: In lissafin tsabar kuɗi ne kawai, na yarda. Ban da haka, a'a.

Mai Fassara: Na gode. Na sa "kuɗin da za a kashe". Saura "deficit", amma giɓi na nan.