Natsuwar Asuba Ba Ta Kai Azahar

Mai shagon atamfa, Babbar Kasuwa:
'Yan'uwa, ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ku amsa da baiti.

Asuba na yi ta a Masallacin Shehu da natsuwa,
Zuciya sanyi kamar ruwan randa cikin inuwa,
Kan azahar na buɗe littafin bashi a kasuwa,
Carbi na hannuna, ciki kuwa yana ta ƙonewa.

Tun gabanin azumi wani ya zo ya ɗau turmi,
Layya ta wuce, ko sisi, sai magana mai tsami,
Shin ina natsuwa ka gudu, ku masu ilimi?

Ɗan kabu-kabu, Mabera:
Alhaji, kana da rumfa da fanka, kana kuka?
Ni ranar Afrilu bisa ƙeyata taka sauka,
Zafi ya haura digiri 40, sai wanda ya taka,
In fasinja ya zage ni, salati goma nika ɗauka,
Kan in kai Gawon Nama, fushin ya bi iska.

Inna, Runjin Sambo:
Jikata ke rubuta mini, ni ban iya wayar ba.

Ɗana, randar da ka ce, ai kullum aka cika ta,
Wadda anka bari kwana biyu, ƙasa ka shanye ta,
Kakata 'yar taru ce, tafarkin Nana Asma'u nata,
Jaji ta zo da malfa ƙauyensu ta karantar da ita,
Tana daka tana zikiri, taɓarya ce carbinta,
Ban taɓa ganin ta jira asuba don natsuwarta.

Malamin zaure, kusa da Hubbare:
Alhaji, duba da kyau, kuɗin ne ko kuwa raini?
"Ni za a yi wa haka?" ita ce ka tafasa jini,
Aya ta 280 cikin Baƙara ta yi mana bayani,
A jinkirta wa mai ƙunci har ya samu sukuni.
Wanda ka yi salla a masallacinsa ɗazun,
A 1804 ya bar Degel zuwa Gudu don addini,
Kai turmi guda ya hana ka barci duk rani.

Ɗan kabu-kabu, Mabera:
Allah gafarta Malam, ayar mun ji mun karɓa,
Amma in kowa ya ɗau turmi, shagon ba zai kai baɗi ba,
Akwai mai ƙunci, akwai wanda kunya ce bai gada ba.

Mai shagon atamfa, Babbar Kasuwa:
Malam ya taɓa wurin, na ji har cikin ƙashi,
Ba kuɗin ne ba, kallon da ya yi min ne nika haushi,
Inna, na ji, in yanka yadi da istigfari, in bar fushi,
Bayan la'asar ni da ƙafata zan je in gaishe shi,
In ƙunci ne, har kaka na ɗaga mai bashi,
Amma an ce sabon babur na nan ƙofar gidanshi.

Ɗan kabu-kabu, Mabera:
Kira ni in kai ka, Alhaji, ni na san kuɗinshi.