Shawarwari kan Na'urorin Tallafa wa Ɗalibai Masu Nakasa a Aji

Malamai da iyayen da suka tattauna batun sun nanata cewa a fara tantance buƙatar ɗalibi kafin a sayi na'ura. Ga makafi, an yaba manhajar NVDA, wadda ke karanta rubutun kwamfuta da murya kuma kyauta ce, amma kada ta hana koyar da rubutun Braille, wato rubutun makafi da ake karantawa ta hanyar shafawa da yatsu. Masu ƙarancin ji kuwa suna amfana da makirufo mai aika muryar malami kai tsaye zuwa na'urar kunnensu. A ganina, horar da malamai ya fi komai muhimmanci, domin na'urar da malami bai iya sarrafawa ba takan ƙare a ajiye. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu ma ya tanadi horar da malamai.