In sayi saun kad ko in koma situdiyo? Amshina yana caɓewa

Ɗan Rikkos: Assalamu alaikum. Ina da waƙar biki da zan miƙa ƙarshen wata. Manhajar haɗa waƙa ta FL Studio nake aiki da ita a laftof, makirfona mai USB ne. Baitoci suna fita lafiya, amma da na ɗora amshi murya huɗu sai su caɓe, wata ta riga wata, ga muryata tana makara a hedfon. Dubu 120 ke hannuna. In sayi saun kad (akwatin da ke haɗa makirfo da laftof), ko in je situdiyo a ɗaukar min amshin kawai?

Sautin Terminus: Wa alaikumus salam. Koma manhajar Cubase ka huta. Kana maimaita amshi yana jera maka kowace ɗauka a layinta, ka tsinci mai kyau daga nan, ka haɗa da ta can.

Baban Gangare: Ƙanena, makarar nan daga bafa take, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. Zaɓi direban sauti na ASIO a saitin sauti, ka rage bafar zuwa 256 ko 128 lokacin ɗauka, in za ka yi miksin ka mayar sama. Kuma kar ka kwafi murya ɗaya sau huɗu, ƙara kawai za ta yi, ba kauri ba. Rera kowace daban, biyu hagu biyu dama, ka datse numfashin na baya. Ƙarshen kalma ne ke tona asiri, kowa ya rufe baki lokaci ɗaya.

Ummin Amshi: Ni dai situdiyo ta ishe ni. Bara mu uku muka wuni a wata ta wajen Bauchi Road a nan Jos, cikin sanyin Disamba, muna shan ruwan zafi da citta don kar murya ta dishe. Aka gama, mutumin ya ba mu MP3 kawai. Da uwar amarya ta ce a gyara sunan ango, sai ya ce wai ma'ajiyar kwamfutarsa (hard disk) ta mutu, sai an sake biya. Muka biya, muka sake rerawa. Wallahi bayan wata biyu na ji amshinmu na farko a motar kamfen, an yanke sunan amarya an sa na ɗan takara. Na je wurinsa, ko kallona bai yi ba, ya ce ai an sallame ni.

Ɗan Rikkos: Subhanallahi, Allah ya saka miki Anti. Baba na gode, zan gwada. To batun saye fa?

Na Bukuru: Saun kad ƙarama ta Behringer na saya dubu 65, ta hannu.

Sautin Terminus: Yaushe? Satin jiya dubu 110 aka ce min. Focusrite Scarlett kuwa kar ma ka tambaya.

Baban Gangare: Ba wanda ya karanta tambayar. Makirfo mai USB ba ya shiga saun kad. Sai ya sayi makirfo mai fulogin XLR, in irin na kondensa ne kuma ya kunna masa wutar 48V a saun kad ɗin. Kuɗin ba za su kai ba.

Sautin Terminus: Baba da girmanka, zamanin kaset ya wuce fa.

Baban Gangare: Tun ana haɗa waƙoƙin fim da fiyano a garin nan nake ɗaukar murya. Turo aikinka guda ɗaya mu saurara.

Na Bukuru: Ku bar yaro ya shiga wadrof da bargo ya ɗauki muryar a ciki, dama sanyin Jos ya ba shi dalili 😂 Ya dai roƙi maƙwabci ya kashe janareto.

Ummin Amshi: Ku kuna ta na'ura. Mu 'yan amshi wa ke sa sunanmu a waƙa? Mawaƙi ya karɓi kuɗin biki da liƙi, mu a ba mu na Keke Napep.

Sautin Terminus: Hajiya mu ma hakan ne. Mawaƙi ya ba da rabi, ya ce tura min in ji, ka tura, shikenan wayarsa ta daina shiga. Shi ya sa nake riƙe muryoyin sai an cika.

Ummin Amshi: Riƙewa daban, sayarwa daban, Malam. Wanda ya sayar da tamu an cika masa tun a ranar.

Na Bukuru: Anti wane ɗan takara ne? Ya ci kuwa?