Me rubutun lalle yake nufi a hotunan Lalla Essaydi?

Ɗalibar Zane:
Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a sashen zane-zane, kuma binciken da zan gabatar ya shafi alamomin da mata masu fasaha na wannan zamani suke amfani da su. Na zaɓi Lalla Essaydi, 'yar ƙasar Maroko, wadda take cika fuskokin mata da tufafinsu har da bangon ɗaki da rubutun Larabci na lalle kafin ta ɗauke su hoto. Na yi karatun allo da Islamiyya daidai gwargwado, amma ko jimla ɗaya na kasa karantawa. Shin ayoyi ne ko addu'o'i? Idan kuma rubutun ba ya karantuwa, ta ina zan kamo ma'anarsa?

Malamin Tarihin Fasaha:
Wa alaikumus salam, Malama. Ba ƙarancin karatunki ba ne ya jawo haka. Rubutun ba ayoyi ba ne, tunaninta ne da abubuwan da ta tuna na rayuwarta, kuma da gangan take ɗora layi a kan layi har haruffa su shige cikin juna. Shawarata ita ce ki bar neman fassarar kalmomin, ki dubi abin da aka yi rubutun da shi. A Maroko, inda aka haife ta a 1956, fasahar kyautata rubutu ta daɗe a hannun maza, lalle kuwa harkar mata ce ta biki da ado, kamar dai yadda muka san ƙunshin amarya a nan. Da ta ɗauki aikin da aka keɓe wa maza ta yi shi da kayan kwalliyar mata, a jikin mata, ta riga ta faɗi maganarta ko da babu wanda ya karanta harafi ɗaya.

Ki kuma lura da zaman matan da kishingiɗarsu. A jerin hotunanta mai suna Les Femmes du Maroc, wato Matan Maroko, ta maimaita yadda masu zanen Faransa na ƙarni na 19, irin su Delacroix da Ingres, suka zana matan ƙasashen Musulmi a kishingiɗe domin kallon Turawa. Ita sai ta bar zaman yadda yake, amma ta suturta matan, ta cire launuka masu jan ido, ta lulluɓe komai da rubutu. Wanda bai san zanen Delacroix na matan Aljeriya na 1834 ba, rabin zancen ya wuce shi.

Mai Ɗaukar Hoto:
'Yar'uwa, ki yi hattara kada ki cakuɗa Essaydi da Shirin Neshat, mai fasahar hoto 'yar Iran, domin ɗalibai da yawa suna yin wannan kuskure. A hotunan da Neshat ta yi tsakanin 1993 da 1997, rubutun da harshen Farisa yake, mafi yawansa baitocin mawaƙa mata na Iran ne, kuma da tawada ta rubuta shi a kan hoton bayan an wanke shi. Ba'iraniye yana iya karanta shi, amma Turawa da dama sun zaci Alƙur'ani ne. A ido alamar ɗaya ce, aikinta kuwa daban.

Tsohuwar Ɗaliba:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai da girmamawa ina da ja a wuri ɗaya. Bai kamata binciken ya tsaya a kan abin da mai fasahar take nufi kawai ba, domin yawancin masu sayen hotunan Essaydi a Amurka da Turai ba su jin Larabci, kuma akwai masu sharhin da suke ganin ta sake miƙa musu irin adon da ta ce tana suka, sai dai cikin sabuwar riga. Ban yarda da su gaba ɗaya ba, amma ya cancanci babi guda. Da ni ce ke, ƙanwata, da na nuna hotunan ga mai ƙunshi a unguwarku da kuma malamin da yake rubuta allon zayyana, in rubuta abin da kowannensu ya fara lura da shi kafin in ce masa komai.